Labulen da ya gaza da santimita 70: yadda aka yi kuskuren awo da yadda aka gyara

## Asalin lamarin

Wata mata ta tare a sabon gida. Falonta na da babbar taga guda mai kallon yamma, kuma daga la'asar har faɗuwar rana haske kan kwararo ya dallare allon talabijin, kujerar da ke gindin tagar ma ba ta zaunuwa don zafi. Sai ta yanke shawarar ba da ɗinkin labule mai nauyi, mai shafin tare haske, irin wanda ake yi wa ninki uku-uku a kai a ɗinke su dindindin, a rataye da ƙugiya.

Wannan ne karo na farko da ta ba da ɗinkin labule bisa awo. A da ɗinkakku take saye, waɗanda ake rubuta girmansu a jikin leda. Lambar da ke jikin ledar faɗin yadin ce a shimfiɗe, kafin a tattara shi. A Birtaniya, alal misali, girman da aka saba gani shi ne inci 46, 66 da 90, wato santimita 117, 168 da 229, kuma na kowane falle ne. Mai saye yakan ɗauki wanda ya zarce tagarsa sosai, ya ja igiyoyin da ke kan labulen har ya tattaru daidai yadda yake so. In ya yi kuskure, sai ya sassauta igiya ko ya ƙara ja. Labule mai ɗinkakken ninki ba shi da wannan igiyar. Faɗin da ya fito da shi daga kan keke, shi ke nan faɗinsa.

Akwai kuma wani abu: ranar da aka yi awon ba a kafa ƙarfen labule ba tukuna. Bango ne kawai da taga.

## Mako na farko: awo da saƙo

Ita kaɗai ta yi awon, da tef ɗin tela mai tsawon santimita 150. Tagar ta fi tef ɗin faɗi, don haka ta dafe kansa a gefen hagu, ta ja har ƙarshe, ta sa yatsa a wurin, ta ɗauko kan tef ta ɗora daga nan. Ta samu 150 da 28, jimla 178. Daga inda take so labulen ya fara zuwa kusa da ƙasa ta samu 230.

Mai ɗinkin a wani gari yake, ta waya ake ba shi aiki. Ga saƙon da ta tura masa: "Taga ɗaya ce. Faɗi 178, tsawo 230, falle biyu, ninki uku, da shafi." Washegari ya turo takardar aiki domin ta duba, inda aka rubuta cewa faɗin falle biyun a haɗe bayan ɗinki santimita 178 ne, kowane falle 89. Ta haɗa 89 da 89, ta ga lambarta ce, ta amsa cewa ya yi daidai.

Yadin da ta zaɓa faɗinsa santimita 140 ne, ba shi da zane. Yawancin yadin labule tsakanin 137 da 140 yake zuwa, gadon tsohon awo na inci 54, ko da yake akwai mai faɗin 280 zuwa 300 wanda ake kwantar da shi a ɗinka ba tare da haɗi ba. Mai ɗinkin ya yanka tsayi uku, ya raba ɗaya gida biyu, ya ba kowane falle faɗin yadi ɗaya da rabi. Bayan an cire abin da haɗi da kalmasar gefe suka ci, kowane falle ya tsaya a 195 a shimfiɗe. Daga baya ya yi masa ninki takwas, kowanne ya ci sama kaɗan da santimita 13, faɗin ya dawo 89. Wato yadin ya ninka faɗin gamawa kusan sau 2.2, wanda shi ne abin da irin wannan ɗinki ke so.

## Mako na biyu: kafa ƙarfe

Mai kafa ƙarfe ya zo ya yi aikinsa yadda aka saba. Ya kawo ƙarfe mai kwararo, wanda ƙugiyoyi ke gudu a cikinsa, ya zarce tagar da santimita 20 ta kowane gefe, tsawonsa ya zama 220. Ya ce mata ana yin haka ne don in an buɗe labule ya taru a kan bango maimakon kan gilashi, in an rufe kuma haske kada ya kutso ta gefe. Maƙalan sun nisanta ƙarfen daga bango da santimita 9 saboda hannun tagar ya ɗan turo. A tsakiya kuma akwai ɗan hannu da ke sa bakin falle ɗaya ya hau kan ɗaya da santimita 10.

Ta ga aiki ya yi kyau, ta sallame shi. Babu wanda ya tura wa mai ɗinkin waɗannan lambobi uku. Daga baya aka gane cewa a wannan makon an riga an yanka yadin, amma ba a ɗinke ninkin ba.

## Mako na huɗu: ranar rataya

Labulen ya iso, launinsa da tsawonsa duk lafiya. Aka maƙala ƙugiyar ƙarshe ta kowane falle a bakin ƙarfe, aka ja su zuwa tsakiya, sai suka tsaya cak da rata ta santimita 42 a tsakaninsu, daidai inda rana ke shigowa.

Santimita 42 ɗin nan bambancin 220 da 178 ne kurum. Ainihin giɓin ya fi haka. Kowane falle ya kamata ya rufe rabin ƙarfe, wato 110, ya wuce tsakiya da 5 don hawan baki, sannan ya lanƙwasa ya koma bango da 9 don toshe gefe. Jimla 124 ke nan. Falle biyu 248. Abin da ke hannu 178. Saura 70.

## Mako na huɗu zuwa na shida: dabarun da ba su yi ba

Dabara ta farko ita ta yi ta da kanta. Ta cire ƙugiyoyin ƙarshe daga mazauninsu, ta jawo fallayen biyu tsakiya, tana ganin ai tagar ce ke bukatar rufi, ba bango ba. Sun haɗu, amma sai an ja su sun miƙe tsaf sannan su kai bakin taga, kuma da an saki sai su ɗan ja da baya, don ƙyalle mai taurin da ke cikin kan labule yana son komawa lanƙwasarsa. Rana kuma ba tsaye take shigowa ba, a karkace take, ga shi labulen ya nisanci bango da santimita 9, sai haske ya riƙa zubowa ta gefe kamar ba a rufe ba. Ban da wannan, tunda ba a ɗaure ƙarshen ba, duk wanda ya ja baki ɗaya sai fallen gaba ɗaya ya biyo shi, gefe ya buɗe.

Ta biyu, ta kira mai kafa ƙarfe ya rage tsawonsa zuwa 178. Bai yarda ya yanka nan take ba. Ya ce, "Hajiya, ƙarfe in an yanke ba ya komawa. Bari mu matso da tokaren ƙarshe ki gani tukuna." Ya matso da tokaren, wato abin da ke tare ƙugiyoyi a kowane bakin ƙarfe, ya bar wajen santimita 21 na ƙarfe tsirara ta kowane gefe. A rufe, baki ya taɓa baki ba hawa, siririn haske yana ratsowa ta tsakiya daga sama har ƙasa. A buɗe kuma kowane falle ya taru a kan gilashi ya ci santimita 24. Biyun sun ci 48, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na tagar, falon ya yi duhu da safe lokacin da ake son haske. Bayan 'yan kwanaki aka mayar da tokaren inda suke.

A tsakanin nan ta kira mai ɗinkin ta nemi ya karɓi kayansa. Ya turo mata hoton takardar aiki da amsarta a ƙasa. Ya ce abin da aka rubuta shi ya ɗinka, kuma labulen da aka yanka bisa awon mutum ba shi da wani mai saye. Wannan ba sabon abu ba ne a sana'ar. Ko a Tarayyar Turai, inda dokar 2011 ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya fasa, dokar ta keɓe kayan da aka yi bisa awon mai saye. Ita kuma ta ce ai ta rubuta "taga" ƙarara a saƙonta, da ya tambaye ta ina ƙarfe. Maganar ta tsaya nan, kowa na kan bakansa.

Ta uku, ta kai falle ɗaya wurin wani tela na kusa ya warware ninkin ya sake rabawa. Ya warware, ya shimfiɗa a tebur, ya auna: 195. In za a samu 124, abin da zai rage wa ninki santimita 71 ne, maimakon 106 na da. Ya gwada hanya biyu da fil ba tare da ya ɗinka ba. Ninki goma masu cin santimita 7 kowanne ba su isa a raba su uku ba, ko biyu ma da ƙyar, sai suka fito 'yan tsiri-tsiri. Ninki shida masu cin 12 sun yi kyau su kansu, amma ratar da ke tsakaninsu ta haura santimita 21, kan labulen ya riƙa faɗowa gaba tsakanin ƙugiya da ƙugiya. Da aka rataye don gwaji, jikin ya sauko a miƙe kamar zanen gado a kan igiyar shanya. Yadin da ya ninka faɗi sau 1.6 kacal ba ya ɗaukar ninki uku.

Telan ya kawo wata shawara mai ma'ana. Ya ce in aka cire ninkin gaba ɗaya aka huda kan aka sa zobba, yadin zai isa, don 390 a kan 220 ya kusa sau 1.8, kuma labule mai zobba yana zama da kyau daga sau 1.5 zuwa 2. Gaskiya ne. Sai dai hakan na nufin cire ƙarfe mai kwararo a sa sanda zagayayya, kuma irin wannan labule ba ya hawa kan juna a tsakiya, haske kuma yana fita ta ramukan zobban da ta sama. Tunda don rana aka fara aikin tun asali, ta ƙi.

## Mako na bakwai: sake awo

Wannan karon mutum biyu suka yi, da tef ɗin ƙarfe irin na kafintoci, wanda ba ya lanƙwasa a tsakiya kuma yana kai wa ƙarshe a ja ɗaya. Tagar ta ba da 180 a ƙasa, 181 a sama. Wato awon farko ya gaza da santimita biyu zuwa uku, sakamakon tef mai laushi da yatsan da ya ɗan goce. Aka auna ƙarfe daga tokare zuwa tokare: 220. Daga fuskar ƙarfe zuwa bango: 9. Hannun tsakiya: 10.

Sannan aka rubuta komai a takarda ɗaya, kowace lamba da sunanta da ma'auninta, aka haɗa da hoton tagar da ƙarfen a sama. An rubuta faɗin taga daban, tsawon ƙarfe daban, faɗin da ake so kowane falle ya kasance bayan ɗinki daban, aka bar wa mai ɗinkin ya faɗi faɗin yadi a shimfiɗe ya turo a gani. An rubuta "santimita" cikakke a gaban kowace lamba, don inci ɗaya santimita 2.54 ne, kuma wasu masu ɗinki da inci suke aiki. An sa faɗi kafin tsawo, yadda aka saba rubutawa a sana'ar.

A kan 124 ɗin nan mai ɗinkin ya ba da shawarar a ƙara santimita 3 ga kowane falle, saboda ja da bayan da kan labule ke yi in an sake shi. Faɗin gamawa ya zama 127.

## Mako na takwas da na tara: gyaran da ya yi

Suka daidaita: ita za ta biya ƙarin yadi da shafi da kuɗin aike, shi kuma zai yi aikin ba tare da ya karɓi ladan ɗinki ba.

Lissafin bai da wuya. Falle mai faɗin 127 yana bukatar faɗin yadi biyu cikakku, ba ɗaya da rabi ba. Don haka tsayi ɗaya kawai za a ƙaro, mita 2.7, a raba shi biyu a tsaye, a ƙara wa kowane falle rabi. Da yadin mai zane ne da sai an sayi fiye da haka don furanni su haɗu a wurin haɗi, amma wannan bai taso ba.

Abin da ya taso shi ne launi. Bandirin farko ya ƙare, sabon kuma daga wani rinin daban ya fito. Mai ɗinkin ya aiko da ɗan ƙyalle, aka ɗora shi a kan tsohon a hasken rana, aka ga sabon ya ɗan fi duhu, kaɗan ƙwarai, sai an haɗa su gefe da gefe ake ganewa. Saboda haka aka sa sabon rabin a can gefen waje na kowane falle, wajen da ke lanƙwasawa bango da wajen da ke rufe bango, ba wajen da rana ke haskowa ta baya ba. Aka kuma tsara ninkin yadda kowane haɗi zai faɗa a gindin ninki ya ɓuya.

Bayan haɗi biyu da kalmasa, kowane falle ya kai 262 a shimfiɗe. An cire tsohon ƙyallen tauri, wanda ya riga ya karye a wuraren tsohon ninki, aka sa sabo. An yi ninki 11, kowanne ya ci sama kaɗan da santimita 12, da rata goma ta santimita 11, aka bar 9 a gefen waje don komawa bango da 8 a bakin tsakiya. Wato yadin ya ninka faɗin gamawa kusan sau 2.1. Tururin guga ya goge sawun tsohon ɗinki a jikin yadin. A jikin shafin tare haske kuwa ramukan allura ba sa rufewa, amma suna can sama inda ƙyallen tauri ya tare su.

Da aka rataye, baki ya hau baki, gefe ya koma bango, falon ya yi duhu da la'asar. Abu ɗaya bai gyaru ba. Falle mai ninki 11 in an buɗe shi yana cin wajen santimita 32, ƙarfen kuma 20 kawai ya zarce taga, don haka kimanin 12 na kowane gefe na kan gilashi.

## Mako na goma sha biyu: tagar ɗakin kwana

Ta sake ba da aiki na ɗakin kwana, wannan karon labule mai zobba a kan sanda. Sai da aka kafa sandar sannan aka auna. Tsawonta duka 174, amma ƙwallayen ado na bakinta sun ci 7 kowanne, labule kuma ba ya hawa kansu, don haka lambar aiki ita ce 160, tsakanin ƙwallo da ƙwallo.

Kafin ta tura komai ta tambayi mai ɗinkin wace lamba yake so. Ya ce a irin wannan labule ta ba shi tsawon sanda, shi zai lissafa yadin. Ya ba kowane falle faɗin yadi ɗaya, 128 bayan kalmasa, biyun 256, sau 1.6 na sandar. Adadin da ya kasa a falo ya wadatar a nan, don zobba ba sa cinye yadi yadda ɗinkakken ninki ke yi. Ya sa zobe takwas a kowane falle. Dole adadin ya zama mai rabuwa biyu don bakin nan biyu su juya su kalli bango, kuma zoben ƙarshe yana zama ne tsakanin maƙali da ƙwallon ado don ya riƙe gefen. Ba a yi gyara ko ɗaya ba.

## Inda kuskuren yake

Tef ɗin tela shi aka fara zargi, amma santimita uku kawai ya jawo cikin 70. Da ma ta samu 181 daidai, da labulen ya gaza da 67. Sauran duk sun fito ne daga auna taga a wurin da ya kamata a auna ƙarfe, da kuma yin awon tun babu ƙarfen. Mai kafa ƙarfe shi ya yanke faɗin labulen a mako na biyu ba tare da ya sani ba, mai ɗinki kuma yana aiki da lambar mako na farko. Da lambobinsa uku sun isa shagon a makon, da ƙarin tsayi ɗaya kawai za a yanka kafin a taɓa ninki.

Mai ɗinkin yana da hujja a takarda, amma a ganina bai fita ba. Wanda ya ga an rubuta "taga ɗaya ce, faɗi 178" kuma ya san labule mai ninki a ƙarfe yake rataye, ya san tambayar da ta kamata ya yi. Takardar da ya turo ta ce "faɗi bayan ɗinki", magana ce da ɗan sana'a ke ganewa nan take, amma sabon mai saye lambarsa kawai yake nema a ciki, in ya gan ta sai ya amsa. Yafe ladan aikin da ya yi daidai ne da rabonsa na laifin.

Gyaran ya yi ne saboda giɓin ya zo daidai da rabin faɗin yadi a kowane falle, yadin ba shi da zane, kuma akwai inda za a ɓoye bambancin launi. Cikin dabarun da suka kasa, biyu sun ƙare ba tare da asara ba saboda an gwada kafin a yanke: tokare aka matsar maimakon a datse ƙarfe, fil aka sa maimakon a ɗinka.

Zarcewar santimita 20 da mai kafa ƙarfe ya yi ta isa ga labule mara nauyi, amma ta yi kaɗan ga mai shafi da ninki uku, wanda a buɗe yakan ci kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin taga in an haɗa gefen biyu. Don gilashin ya fita sarai, sai ƙarfen ya kai wajen 244. Hakan zai mayar da kowane falle 139, ya zarce abin da faɗin yadi biyu zai iya, ƙarin yadin kuma zai ƙara kaurin tarin. An yi mata wannan lissafin a mako na tara, ta zaɓi ta bar ƙarfen a 220.